Ni Direba, Shi Ribas

Tun ranar da 'yata Hajara ta zare makullin motata daga jikin ƙusa ta jefa a jakarta, zama ya gagare ni. Likitan ido ne ya ja mini. Ya haska mini wata 'yar fitila, ya sa ni karanta haruffan da ko shi sai ya matsa kusa zai gani, sannan ya juya yana yi wa Hajara bayani kamar ba na ɗakin. Shi ke nan fa, mutumin da ya ci abinci da sitiyari tun ba a haifi likitan ba, an ce ya je gida ya huta. To na zauna. Na tashi. Na leƙa taga ina jin gudun motoci a Gate City Boulevard, titin da har gobe bakina da tsohon sunansa High Point Road yake kiransa, na dawo na zauna, na sake tashi. A garin nan in ba ka da mota ba ka da ƙafa. Can inda na taso, tsoho ko ya makance yana da dakalinsa a ƙofar gida, duk mai wucewa sai ya rusuna ya gaishe shi, kafin azahar ya san wadda ta haihu da wanda akuyarsa ta ɓata. Nan kuwa kowa yana cikin gilashi a rufe. Sai ka wuni ba wanda ya yi maka sallama, daga kai sai firji yana gurnani a kicin.

Amma ba zaman ne ya fi ci mini rai ba, Ribas ne. Istifanus iyayensa suka sa masa, sai dai rabona da kiransa haka tun muna samari, shi ma ba ya kirana da komai sai Direba. Shi ya riga ni zuwa ƙasar nan, shi ya jawo ni, a ɗakinsa na yi ta kwana har na samu nawa. Da hayaniyar gari ta ishe shi ya koma McLeansville, can gabas, inda gidaje ke warwatse cikin filaye kuma bas ba ta zuwa. Duk Asabar ina can, mu sha shayi, mu yi musun da muka saba. Sai shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi. Masu koya wa mutum tafiya a asibiti sun ce ƙafar za ta ɗauke shi in ya yarda ya taka, shi kuwa ya ƙi. Ya juya fuska bango, magana ta koma i da a'a, daga baya su ma suka ɗauke. Ɗansa Dauda da ke Texas ya ce in sanyi ya shigo bai tashi ba, zai zo ya tafi da shi gidan kula da tsofaffi kusa da shi, don uwar ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba. Ban ga laifin yaron ba, wallahi. Amma matata ta rasu, sa'o'ina sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, in Ribas ya tafi babu sauran mutum a faɗin ƙasar nan da ya san ni da baƙin gashi. Ga shi ko zuwa wurinsa sai na roƙi a kai ni.

Wata Asabar Hajara ta kai ni, tana ta duba agogo saboda aikinta na jinya a asibiti. Na ja kujera bakin gadon.

"Ribas, an tashi lafiya?"

Shiru.

"Kai, da kai nake. Ko kunnen ma ya shanye ne?"

Matarsa, Maman Dauda, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haka yake yi mini, Alhaji. Fasto ya zo, 'yan coci sun zo sun yi masa waƙa, ko waiwayowa bai yi ba. Ka yi masa faɗa mana, kai kaɗai yake ji."

Na yi faɗan, na yi zolaya, na tono masa abin kunyar da ya yi a bikin wani abokinmu, ko gezau. Raina ya ɓaci, na fita bayan gida don kada su ga idona. Ina ta kai da kawowa a filin sai ƙafata ta yi karo da motarsa ta yankan ciyawa, wadda ta mutu tun bara. Na sunkuya na shafa tayoyin, na ji lafiyarsu ƙalau. A nan tsaye, da hannuna a kan roba mai zafin rana, garinmu ya faɗo mini gaba ɗaya.

Garin jirgin ƙasa ne, a gindin duwatsu. Ba agogo muke bi ba. Ni kiran assalatu ke tashina, shi Ribas kakarsa ke tashinsa da buga ƙyaure, usur ɗin jirgin safe kuwa a bakin famfo yake samunmu, kowa da garwarsa, ana rigimar wa ya riga wa. Daga nan yankan ciyawar awaki, daga nan kai niƙa inji, ka dawo da gari har cikin gashin ido. Kafin mu isa shago maƙera sun fara, ƙwal ƙwal ƙwal, mai gyaran rediyo ya saki nasa, mai waina tana kiran yaranta da sunayen da ba za su faɗu ba. Garin duk ƙara ne, amma kowace ƙara ka san mai ita. Nan ƙarar ɗaya ce, shuuu ta tayoyi a kan kwalta, ba ka san na wa ba ne, ba kuma ruwansa da kai.

Wurin Baba Tanko mai gyaran babur muke koyon aiki, ni da Istifanus, mun fara gemu amma ko sifana ba ma ɗauka sai da izini. Baba Tanko ba ya son surutu. In aka kawo babur, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar, ya lumshe ido, ya faɗi ciwon kafin a kwance ko noti ɗaya. Yanzu wani yaro ne zai soka wa mota waya, ya tsaya yana kallon allo, in allon bai yi magana ba shi ma ba shi da ta cewa. Maganar Baba Tanko da muka fi ji ita ce, "Ni ba rediyo ba ne. In ba ku tambaya ba, ba na faɗa." Mu kuwa a lokacin gani muke mun fi ƙarfin tambaya.

Mahaifiyar Istifanus, da ni da shi duk Mama muke ce mata. Ta ciyar da ni fiye da yadda zan iya faɗa, in azumi ya zo ita ke ajiye mini ƙosai mai zafi alhali ba azuminta ba ne. Sai gwiwoyinta suka kumbura, tafiya ta gagare ta, ta daina zuwa coci. Ranar Lahadi za ta ɗaura zanenta mai kyau, ta zauna a bakin ƙofa, ƙararrawa na bugawa, tana motsa baki ita kaɗai. Goyo a babur ba ta iyawa, don ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Ana cikin haka wani malamin gona ya kai wa kwalbati karo, babur ɗin ya nannaɗe, mai shi ya tsira da ƙujewa ya rantse ya bar hawa. Injin kuwa ko ƙwarzane babu. Istifanus ya daɗe yana kallonsa a kusurwar shago, sannan ya taɓa ni ya ce, "Kai, mu yi wa Mama mota."

Kai, mun sha wahala! Gadon ƙarfen kakata da ya karye shi ne ƙashin motar. Tayoyin baro muka sa, sitiyari muka ciro daga wata matacciyar akori-kura a bayan tasha, mazauni benci ne, jiki kuwa tsohon kwanon rufi da muka daddaka da guduma har ya miƙe. Kwanon bai isa ba, sai muka bar ƙasan wurin direba a buɗe, kana tuƙi kana ganin ƙasa na gudu tsakanin ƙafafunka. Mai walda ya yi mana aiki a kan mu riƙa ɗebo masa ruwa. Sarƙa ce ta kusa haukata mu, a ɗaura ta zame, a matse ta tsinke, yatsunmu duk sun fashe. In mun gyara sai mu tura ta filin ƙwallo, in buga kik, mu yi ta zagaye kamar masu sussuka, yara na binmu da ihu. Fili ne fetal, ko'ina ka juya hanya ce. Baba Tanko yakan zo ya tsaya a bakin filin yana cin goro, ya kalle mu, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe.

Ranar Lahadin da muka sa, Istifanus ya sha fararen kaya, ni na ari hular yayana. Gidansu yana ƙarshen wani siririn lungu wanda ba ya ɓullewa, katanga dama, katanga hagu, ƙofarsu ce ta tare gaba. Na kutsa da mota har bakin ƙofa, salansa na tatata, rabin unguwa na biye da mu. Aka ɗauko Mama aka zaunar a benci, ta gyara ɗankwali, ta rungume littafinta na waƙoƙi, tana ɗaga wa maƙwabta hannu. Ƙararrawa ta fara bugawa. Na taka kuloci, na kai ƙafa ga giya don in ja da baya, sai ƙafata ta tsaya a sama. Na dubi Istifanus, ya dube ni. Babur ba shi da ribas. Kullum a shago da ƙafa muke jan babura baya, safe da yamma, har abin ya bi jikinmu, ba mu taɓa lissafa shi a cikin aikin inji ba. Ga mu da hanci a ƙofa, ba wurin juyawa, ga Mama a zaune tana jira.

Wani ya fara ƙyalƙyalewa da dariya daga baya, sai lungun ya ɗauka gaba ɗaya. Na hango Baba Tanko a jingine da katanga.

"Baba, ashe ka sani?"

"Tun ranar farko."

"Haba Baba! Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Kun tambaya?"

Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige. Istifanus kuwa ya miƙe. Ya sauka, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya ratsa ta gefen katanga ya zagaya gaba, ya dafa hancin motar da hannu biyu, ya ce, "Sa ta a firi, Direba." Na sa. Ya sunkuyar da kai ya tura mu da baya tun daga ƙofar har bakin titi, gumi na ɗiga, hayaƙi ya ɓata masa riga. Wata tsohuwa ta ce wa Mama, "Wannan wace irin mota ce ba ribas?" Mama ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya gaya miki? Ga shi nan, ni na haife shi." Kafin la'asar ba mai kiransa Istifanus a garin. Mama kuwa ta shiga coci ana tsakiyar waƙa, aka ce har kuka ta yi.

Motar ta yi damina biyu ko uku tana kai Mama, kullum shi ke fito da mu daga lungun, bai taɓa cewa yau ni in sauka ba. Bayan rasuwarta aka cire injin aka sa wa wani mai lambu a famfon ban ruwa, gadon ya koma wurin maƙera. Ko hoto ba mu da shi, wa ke da abin ɗauka a lokacin? Yanzu jikokina ko tuwo aka zuba musu sai sun ɗauka kafin su ci, in na ba su labarin motar su ce, "Really, Grandpa?" su koma kan waya. Ban ji haushinsu ba. Abin da babu hotonsa a wurinsu bai faru ba, kuma mutum ɗaya ne ya rage da zai ce ya faru, shi ne wanda ya juya wa duniya baya a ɗakin can.

A hanyar komawa gida na ce wa Hajara mota zan ƙera. Ta kusa taka birki a tsakiyar titi.

"Baba, don Allah! Ba ka da lasisi, ba ka gani sosai, yanzu kuma mota?"

"A filin Babanku Ribas zan tuƙa, ba a titin gwamnati ba. Filin ma lasisi yake nema?"

Ta yi ta faɗa rabi da Hausa rabi da Turanci, ni kuwa Turancin na bar mata. Da ta gaji ta ce giya ɗaya kawai, kuma sai tana wurin. Na ce na ji.

Malam Awudu, mutumin zangon Kumasi mai garejin gyara a Gate City Boulevard, shi ya ba ni injin wani babur da ya yi hatsari, ya kuma ce walda tasa ce, don ba zai bar makaho ya riƙe wuta ba. Gadon ƙarfe a unguwar masu kuɗi ta Irving Park muka tsince shi, an fito da shi bakin hanya, lafiyayye, irin wanda a garinmu sai an yi shari'a a kansa wajen rabon gado. Tayoyi na motar yankan ciyawar ne. Na sa aka jibge komai daidai ƙarƙashin tagar Ribas, ko da yake ga rumfa can da inuwa. Idona ya tafi amma yatsuna ba su manta ba, noti na hannuna na san lambarsa. Ranar da Hajara ba ta da hali Malam Awudu ke kai ni, ranar da ba mai kai ni kuwa in wuni ina zagaye ɗaki ina ɗaura sarƙa a kaina. Ganyen itatuwa ya fara ja, Dauda na bugo waya yana cewa ya samu ɗaki mai kyau. Ina buga guduma ina ɗaga murya, "Wannan sarƙa ta fi ta da taurin kai!" Tagar shiru. Sai ranar da injin ya fara tashi, ya yi tari ya kama tatata, Maman Dauda ta fito da gudu ta ce labule ya motsa, da hannunsa mai lafiya ya ja shi.

Hajara ta zagaya motar tana duba wayarta. "Baba, an ce injin babur ba shi da ribas. Akwai wani ƙaramin akwatin giya da ake ƙarawa, in yi oda?"

"Bar shi."

"To ta yaya za ka koma baya?"

"Tana da ribas. Yana kwance a ɗaki."

Ranar da muka fito da Ribas rana ce mai kyau, da ɗan sanyi-sanyi. Bai ce zai zo ba, bai kuma hana a ɗauke shi ba. Malam Awudu da Hajara suka ciccibe shi daga keken marasa lafiya suka zaunar da shi a gefena. Ya rame, kafaɗarsa da ta taɓa tawa duk ƙashi ce. Na buga kik, na sa giya ɗaya, muka fara zagaya filin a hankali, ƙasa na wucewa tsakanin ƙafafuna, don wannan ma a buɗe na bar ta. Ina satar kallonsa, fuskar na nan kamar an ɗaure. Muka zagaya, muka sake zagayawa, ba abin da ya canza. A ƙarshen filin akwai wani matsattsen wuri tsakanin rumfa da shingen katako. Na karya sitiyari na cusa hancin motar ciki har ta taɓa shinge, na taka birki. Hajara ta ce da gangan na yi, ni na ce idona ne, har yau kowa na kan bakansa.

Injin na ta tatata, ba gaba ba baya. Na ɗora hannu a sitiyari, ban dube shi ba. Malam Awudu ya taho zai ja mu, na ji Maman Dauda ta ce, "Tsaya, Malam." Can sai benci ya motsa. Ƙafarsa mai lafiya ta sauka ƙasa. Ya kama ƙarfen gadon, ya ja ɗayar ƙafar da hannu, ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa, ya miƙe. Hajara ta zo bayansa ta riƙe bel ɗin wandonsa. Yana dafe da jikin motar yana jan ƙafa, yana numfashi kamar mai hawan dutse, har ya kai gaba ya dafa hancinta da hannu ɗaya. Bakin a karkace, muryar a shaƙe, amma na ji kowane harafi.

"Sa ta a firi, Direba."

Na sa. Hawaye ya hana ni ganin ɗan abin da nake gani. Ya tura, motar ko motsi. Ya sake turawa. Sai na zura dugadugaina ta ƙasa na tokare, na ja a hankali, motar ta gangara baya kamar kamu ɗaya. Ya tsaya yana haki, ya ɗago ya harare ni.

"Na ga ƙafarka, makaho."

"Ni ban ga komai ba," na ce, "likita ma ya shaida."

Maman Dauda na riƙe da waya sama, ashe tun ɗazu Dauda na kallo daga Texas. Tana kuka tana dariya ta ce, "Dauda, ka gani da idonka. Ka dakata da maganar ɗakin nan. Babanka ya koma bakin aiki."

Dauda bai ce ya fasa ba, cewa ya yi zai zo ya duba da kansa kafin sanyi ya kankama. Makullina na nan a jakar Hajara, ni kuma ina nan ina auna ɗakin nan da ƙafa, daga taga zuwa ƙofa, Asabar ta ƙi zuwa. Jiya Maman Dauda ta bugo ta ce ya taka har bakin ƙofar kicin, kuma ya ba ta saƙo gare ni, wai in na sake sa masa ƙafa a aikinsa sai ya fasa mini baki. To na ji. Ranar Asabar can jikin shingen zan sake cusa motar, in ɗage ƙafafuna duka biyu, in riƙe sitiyari in jira.